Bindigar Harbin Zabo Ba Ta Tare Hari

Kwanakin baya wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ke noma a wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, ya kira ni a waya bayan sallar isha'i. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Yaya, rance nake nema, na samu bindiga mai baki biyu za a sayar mini." Na tambaye shi abin da zai yi da ita, ya ce zabin daji sun dame shi da tonon iri a gonarsa ta bakin rafi, sannan ya rage murya ya ƙara da cewa, "kuma ka san halin da ake ciki." Na ce masa to, lamba nawa ce bindigar? Bakinta matsattse ne ko buɗaɗɗe? An gwada ta a takarda an ga yadda take watsa ƙwayoyi? Ina maganar lasisi? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai bindiga bindiga ce."

Wannan amsa tasa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Ita ce fahimtar manomi a Ɗandume da Sabuwa, ita ce ta ɗan sandan da ke kan shinge, kuma abin takaici ita ce ta wasu daga cikin waɗanda ke tsara mana dokoki. Kowa ya ɗauka duk abin da ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi abu ɗaya ne, alhali kuwa bindigar farautar tsuntsu kayan sana'a ce mai iyaka sananniya, kuma wanda ya jahilci iyakar nan yana iya rasa yatsunsa, ko 'yancinsa, ko ma ransa.

Mai karatu zai yi mini uzuri in fara da kalmomi, tun da nazarin harshe shi ne abincina. Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, haka ma albarushi, haka harsashi, wanda asalinsa a Larabci sunan dalma ne. Wannan ya nuna ta hanyar da makamin ya fara iso mana, kuma tarihi ya tabbatar da cewa tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno yana da mayaƙa masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Daga baya wasu bindigogin suka riƙa shigowa ta bakin teku daga hannun fataken Turai, har maƙeranmu suka koyi ƙera irinsu, waɗanda muke kira adaka ko harbi-ruga. Shi kansa wannan suna na harbi-ruga darasi ne, domin Bahaushe ya faɗi gaskiyar makamin a cikin sunansa: harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure sai gudu. Haka kuma harshen ya bambanta maharbi, wanda ke shiga daji shi kaɗai da baka ko bindiga, da ɗan farauta mai fita cikin gayya da karnuka da gora, ya bambanta su da ɗan tauri. Har zuwa ƙuruciyarmu, in aka ce 'yan bindiga, abin da ke zuwa zuciya shi ne bayin sarki masu buga albarushi a hawan Sallah, yara na bin su ana shewa. Yau kalmar ta koma sunan masu satar mutane, kuma ta haɗiye duk sauran. Idan harshe ya daina rarrabe abubuwa, to ba a jimawa masu harshen su ma sukan daina.

Baffana, mahaifin wannan yaro, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne. Yana da bindiga mai baki ɗaya ƙirar Rasha, irin wadda ake kira Baikal, da ya saya da kuɗin auduga tun kafin a haife ni, kuma yana da takardarta da yake sabuntawa, yana ajiye ta a cikin gwangwani tare da rasiɗan haraji. Ban taɓa mantawa da wata ranar kaka ba, ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, da ya samu sabon kwalin harsashi wanda bai saba da shi ba. Maimakon ya nufi daji, sai ya sa ni na ɓare takardun buhun siminti, muka je bayan gari inda akwai wata ganuwar ƙasa, ya kafe takarda a jikinta, ya zana da'ira da gawayi, ya ƙirga taku talatin ya harba. Muka je muka duba. Ya canza takarda ya koma taku arba'in. A ta farko ramukan sun yi cincirindo ta yadda ko kurciya ba za ta sulale ba, a ta biyu kuwa akwai gurabun da zan iya sa tafin hannuna ba tare da na taɓa rami ko ɗaya ba. Sai ya ce mini, "Ka gani ko? Daga nan zuwa can nawa ne, abin da ya wuce nan na Allah ne." Daga ranar ban taɓa ganin ya ɗaga bindiga a kan tsuntsun da ya wuce wannan tazara ba, ko da kuwa mun yini ba mu samu komai ba.

Shekaru da yawa bayan haka na fahimci cewa abin da Baffa ya yi da takardar siminti shi ne ainihin abin da maharban talotalon daji ke yi a Amurka kafin kowace kakar farauta. Mu a nan talotalo na gida muka sani, wanda ko sunansa daga Yarabanci muka aro, amma a can tsuntsun daji ne babba mai kaifin ido da tsananin wayo, mai kaurin gashin da ƙananan ƙwayoyi ba sa ratsawa da kyau, shi ya sa kai da wuya suke auna, kuma shi ya sa suke neman bindigar da ke tattara ƙwayoyi wuri ɗaya. Sukan kafa takarda a nisan yadi 40, su ƙirga ramuka, su canza harsashi, su sake ƙirgawa, har sai sun san iyakar makaminsu. Sukan ɓuya su kwaikwayi kukan macen don namijin ya matso, su kafa gunkin tsuntsu don ya ruɗe shi. Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, ya san ba su riga mu wannan dabara ba. Manufar duka ɗaya ce, wato ka kusanci tsuntsu har ya shigo inda bindigarka ke da iko.

To mene ne zaɓen bindigar tsuntsu ya ƙunsa? Ita dai irin wannan bindiga cikin bututunta sumul yake, kuma abin da take fitarwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu bazuwa yayin da suke tafiya. Lambar da ake kiran ta da ita, 12 ko 16 ko 20, tsohon lissafin Ingila ne: adadin dunƙulen dalma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya. Saboda haka lamba 12 ta fi lamba 20 faɗin baki, faɗinta ya kai kimanin milimita 18 da rabi, kuma ita ce aka fi samun harsashinta a ƙasar nan, wanda hakan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta ga mutumin ƙauye. Sai matsin baki, wato ɗan tsukewar da ake yi wa ƙarshen bututu. Mai cikakken matsi takan zuba kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyinta a cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40, mai buɗaɗɗen baki kuwa tun kafin nan ta watsar da su. Zabon daji, da yake ya fi son gudu da ƙafa kuma ba ya bari a matso shi, matsattsen baki yake so. Fakara da ke tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarka a cikin karan dawa, buɗaɗɗe ya fi dacewa da ita, in ba haka ba ko dai ka kuskure ko ka dagargaza naman. Hikimar mai baki biyu ke nan tun asali, ana yin ɗaya a buɗe ɗaya a matse, ba don a yi yaƙi da ita aka ƙara mata baki ba.

Haka ƙwayoyin su ma suna da lamba, kuma ita ma a juye take: yadda lamba ta ƙaru haka ƙwaya ke ƙanƙancewa. Lamba 4 zuwa 6 su ne na zabo da makamantansa, kuma kwanso ɗaya na lamba 6 mai nauyin giram 32 yakan ɗauki ƙwaya tsakanin 250 da 300. Sannan akwai dacewar ƙotar da jikin mai ita. Bindigar da ƙotarta ta yi maka tsawo ko gajarta, ko wadda in ka kwantar da kumatu a kanta idonka ba ya bin doron bututu, za ta riƙa kai ƙwayoyi sama ko gefe, ta kuma yi maka shuri a kafaɗa har ka fara runtse ido kafin ka ja kunama. Duk waɗannan ba a gane su a ɗakin mai sayarwa da daddare, ana haska tocila ana waige-waige. Takarda ce kawai ke faɗin gaskiyarsu.

Bari in ɗan ratse kaɗan. Ƙwayoyin nan na dalma ne, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 bai kamata mu riƙa wasa da ita ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991. Mu ko a nan, wanda ya harbo dinya ko kirinjijiya a bakin madatsar Mairuwa ba ya ko tsince ƙwayoyin kafin a sa a tukunyar da yara za su ci.

Game da adaka kuwa, ba na cikin masu raina maƙeranmu, domin akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai bindigar kamfani ba ta fita kasuwa a da yawa daga cikin ƙasashen da ke ƙera ta sai an gwada bututunta da cajin da ya fi na kullum ƙarfi an buga mata hatimi, ita kuwa tamu babu mai gwada ta sai mai ita, kuma da hannunsa. Akwai wani maƙwabcin Baffa da na sani tun ina yaro, yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu, saboda bututun da aka yi masa da bakin famfon ruwa ya tsage a ranar da ya ƙara albarushi don ya kai nesa. Tun da rashin tsaro ya sa kasuwar bindiga ta buɗe, waɗanda ba su gaji ƙira ba ma sun shiga sana'ar, kuma irin wannan rauni ba baƙo ba ne ga duk wanda ke zirga-zirga a yankin.

Yanzu sai mu dawo kan rabin maganar ƙanena da ya faɗa da ƙaramar murya. Ba wanda zai ce tsoronsa ba shi da dalili. A watan Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka rufe kasuwannin dabbobi. A cikin wannan shekarar ce gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya shawarci jama'a su nemi makami su kare kansu, kuma a 2022 gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira. A ranar 19 ga Agustan 2025 aka afka wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutane masu yawa. Yankin nan da ke ciyar da Arewa da masara da dawa da waken suya, wanda audugarsa ta kafa masana'antu a Funtuwa, yau akwai gonakin da ke cikinsa da ba a isa a taka su ba. Ni da ke zaune a gidan jami'a mai katanga da maigadi ba ni da bakin da zan ce wa mutumin Faskari ya naɗe hannu.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko ta yi ɗaci. Bindigar da ƙanena ke son saye, ikonta a kan zabo bai wuce taku talatin zuwa arba'in ba, kuma harbi biyu gare ta kafin a karya ta a sake ɗurawa. Wanda yake tsoro kuwa yana zuwa ne da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita 300 da saiti, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Duk wanda ya ce wa manomi wannan ta isa ta tare wancan, to ya yaudare shi. Hasali ma takan ƙara masa haɗari ta fuska biyu: tana ba shi ƙarfin halin tsayawa a inda ya kamata ya kauce, kuma tana mayar da gidansa abin nema, domin ɓarayin daji sun fi ƙullatar garin da suka ji yana da makami. Hukumomin jihar da kansu sun bayyana harin Unguwar Mantau a matsayin ramuwar gayya kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa maharan kwanaki kaɗan kafin nan. Ban kawo wannan don in zargi waɗanda suka yi jarunta ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na kawo shi ne don a ga cewa jaruntar ƙauye, in babu hukuma a bayanta washegari, ƙauyen ne ke biyan kuɗinta.

Za a ce mini ai maharba sun taka rawa wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014. Haka ne. Sai dai abin da maharbi ke kawowa fagen irin wannan aiki shi ne sanin daji: sawu, mashaya, hanyar da babur zai bi da wadda ba zai bi ba. Wannan sani shi ne ya kamata rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 ta riƙa nema wurin tsofaffin maharba, ta biya su a kansa, a bar ɗaukar makamin yaƙi ga wanda aka horar kuma ake iya tuhuma in ya yi ba daidai ba. Mun ga abin da ya biyo baya a wuraren da 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, suka riƙa yanke hukunci a kasuwa bisa kamannin fuska.

Ita dokar ma ba ta ce bindiga bindiga ce ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa su gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin na soja; na amfanin kai, kamar bindigar tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda; sai masu ɗuri ta baki irin adaka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Tsari ne mai ma'ana. Amma a watan Agustan 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Ban ga ɗan fashin dajin da wannan sanarwa ta hana barci ba, tun da dama bai taɓa cike fom ba. Wanda ta shafa shi ne mai niyyar bin doka. Ga gwamna ya ce ka nemi makami, ga 'yan sanda sun rufe ƙofar izini, ga hotunan zaman sulhu na 2025 inda aka ga waɗanda ake sulhun da su sun zo rataye da manyan bindigogi a gaban jami'ai, sannan a kan hanyar komawa gida a kama tsoho da adakar da ya gada. Da wane ido talaka zai kalli wannan?

Mafi munin sakamakon wannan ruɗani shi ne abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan jihar Kano da ke komawa gida hutun Sallah daga Fatakwal, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka yi wannan aika-aika ba su da uzuri ko kaɗan. Amma ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa har yau mafarauci ba shi da wata shaida guda ɗaya da kowane jami'i daga Katsina zuwa Fatakwal zai gani ya gane.

Abin da nake ganin ya dace ba sabon abu ba ne. A buɗe lasisin bindigar tsuntsu, amma kada a ba kowa sai dagacinsa da sarkin maharban yankinsa sun shaide shi, hakimi ya sa hannu, tun da Galadiman Katsina a Malumfashi da Sarkin Maska a Funtuwa suna da dagatai da masu unguwanni da suka san kowa da gidan ubansa. Kafin a miƙa takardar, a kai mutum fili ya nuna ya iya ɗurawa da saukewa da ɗauka ba tare da ya nuna wa kowa baki ba, ya kuma harbi takarda ya faɗi iyakar bindigarsa da bakinsa. Maƙeran da suka cancanta a yi musu rajista, a riƙa gwada abin da suka ƙera ana buga masa lamba. Sannan a farfaɗo da dokar namun daji ta 1963 da muka gada daga Jihar Arewa, a hana harbi da damina lokacin da zabi ke kwanci. Amurkawa sun kusa ƙarar da talotalonsu na daji a farkon ƙarni na 20, abin da ya dawo da shi har ake maganar miliyoyi a yau shi ne ƙayyade lokacin farauta, da kamo tsuntsayen ana sake su a dazuzzukan da suka ƙare, da kuma dokar 1937 da ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Mu kuwa yaushe rabon da wani ya ga tuje a tsakanin Kafur da Ɗanja? Baffa yakan ba mu labarinsa kamar yadda ake ba da labarin giwa.

Da na je gida hutun ƙarshen zango, na samu ƙanena a gindin ɗorawar ƙofar gidansu. Ban ba shi rancen ba. Na tambaye shi inda bindigar Baffa take, ya ce tun bayan rasuwarsa babban wansu ya miƙa ta ga hukuma, da aka yi shelar a kawo makamai, takardar ce kawai ta rage a cikin gwangwanin nan. Na ba shi labarin takardar siminti, wanda bai taɓa ji ba domin lokacin ba a haife shi ba, na tashi na ƙirga masa taku arba'in daga gindin ɗorawar, sai ga shi ban ko kai bakin rijiyar unguwar ba. Ya daɗe yana kallon tazarar, sannan ya ce, "Yaya, to su zabin fa?" Na ce ya sa yara su kafa mutum-mutumi su rataya gwangwanaye kamar yadda ake yi tun da. Gonar bakin rafin ya shuka ta, amma ta can kusa da daji, wadda ta fi kowacce ba da masara, shekara ta uku ke nan ba a sa mata garma ba.